Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya: a haɗa mana kuɗin saye da na gyara

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Zariya. Shekarata 42, ina da mata da 'ya'ya biyar, kuma har yau a gidan haya nake kwana. Tun watan da na karɓi albashina na farko ake cire kashi 2.5 cikin ɗari ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda doka ta damƙa muku riƙonsa tun 1992. Yau shekara 16 ke nan ana cire mini. Ban taɓa jin ciwon abin ba, don na ɗauke shi ajiya ce wadda wata rana za ta zama rufi a kan iyalina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani gida da na so saya bara, da abin da faɗi-tashin neman kuɗinsa ya koya mini.

Gidan yana Tudun Wada. Wani tsohon ma'aikacin reluwe ne ya gina shi a farkon shekarun 1970. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar magada tara, wasu a Kaduna, wasu a Kano, babu mai niyyar dawowa ya zauna, kowa so yake a sayar a raba. Akwai zaure, ɗakuna biyu na bulo a gaba, uku na tubalin ƙasa a ciki da aka shafe da siminti, ga tsakar gida mai faɗi da rijiya da bishiyar mangwaro. Shekara shida ba kowa a ciki. Ranar da dillali ya buɗe mana, na tafi da birkila da kafinta na unguwarmu, mutanen da na san aikinsu. Tsakar rana ce. Muna shiga ɗakin farko na ga hasken rana ya zubo ta hujojin kwano ya bazu a ƙasa kamar an watsa kwabbai. Silin ya zubo. Kafinta ya taka tsani ya danna katakon rufi da babban yatsa, sai ga shi yana zuba kamar gari, gara ta gama da shi. Shadda ta rufta, wayoyin wuta kuwa ba mai hankalin da zai sake jona su. Shi kuwa birkila bai ce komai ba. Ya bi bango ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma yana kasa kunne. Inda filasta ta saki bango sai ka ji ta yi amo kamar ganga. Ya tona gindin gini a wuri uku ya duba harsashi, ya tarar da dutse ne. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce mini, "Malam, ƙashin gidan nan lafiya lau yake, fata ce ta lalace."

Magada sun tsaya a Naira miliyan takwas. Lissafin gyara da muka zauna muka yi, da rufi da silin da filasta da shadda da wayar wuta da ƙofofi da ladan aiki, ya kama miliyan biyar. A layin da ke bayansa an sayar da gidan da bai kai shi fili ba, amma gyararre, a kan miliyan 17. Ba sai mutum ya yi karatun lissafi ba kafin ya ga cewa wanda ya zuba miliyan 13 a wannan gida bai yi asara ba, haka ma wanda ya ba shi bashin ya riƙe gidan jingina.

Ranku ya daɗe, irin wannan gida shi ne abin da mai albashi zai iya miƙa hannu ya taɓo. Sabon gida a rukunin gidaje ya fi ƙarfinmu. Fili a bayan gari kuwa, ko ka saya ka gina, sai ka jira hanya, ka jira turken wuta, ka haƙa rijiyar burtsatse, ka nemi makarantar yara, kuma a halin tsaron da ake ciki ba kowa ne zai kwashi iyali ya kai su bakin daji ba. Tsohon gida a cikin gari ya riga ya sami duk waɗannan. Ga masallaci a bakin layi, ga makarantar allo, ga kasuwa, ga maƙwabtan da suka san juna shekara arba'in. Abin da ya rasa rufi ne da shafe, kuma wannan rashin ne ya sauko da kuɗinsa har ya zo daidai aljihunmu.

Na tara miliyan ɗaya da rabi ta hanyar adashi. Idan aka haɗa da kuɗin lauya da na takardu da la'adar dillali, miliyan 12 nake nema. Na shirya takarduna na nufi ɗaya daga cikin bankunan jinginar gidaje da ake bi ta hannunsu kafin a kai ga asusun. Jami'in da na samu mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama, ya kalli hotunan da na ɗauka a waya. Sannan ya warware mini yadda abin yake a wurinsu. Bashin saye ana auna shi ne da darajar gida a ranar da mai kimantawa ya je ya gani, kuma gidan da ba rufi kusan kuɗin filinsa kawai za a rubuta. Gidan da ba a iya kwana a ciki ba su cika karɓarsa jingina ba, kamfanin inshora ma zai ja da baya. Sai kuma takarda: in babu shaidar mallaka ta gwamna, maganar ba ta ma taso ba. Na ce to bashin gyaran gida fa? Ya ce wannan na wanda ya riga ya mallaki gida ne. Na fito ina juya maganar a raina har na iso bakin titi: ba za a ba ni kuɗin gyara ba sai gidan ya zama nawa, kuma ba za a ba ni kuɗin da zai zama nawa ba sai ya gyaru. Ta ina mutum zai shiga?

Ba na cikin masu cewa ba ku yi komai ba. A asusunku ma'aikaci yana iya samun bashin gida a kan kashi 6 cikin ɗari, ya biya har tsawon shekara 30. A 2018, zamanin da Ahmed Musa Dangiwa ke shugabantar bankin, an sauke kuɗin da mai nema zai fara ajiyewa: bashin da bai wuce miliyan biyar ba babu ajiya, wanda ya haura zuwa miliyan 15 kuma kashi 10 cikin ɗari. Daga baya an ɗaga iyakar bashin daga miliyan 15 zuwa miliyan 50. Na yi lissafin kaina: miliyan 12 a kan kashi 6, a shekarun aiki 18 da suka rage mini, zai kama wajen Naira 91,000 a wata. Da ƙyar ne, amma zan iya, musamman da yake kuɗin haya zai faɗi daga wuyana. A bankin kasuwanci kuwa, a lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ko da an yi mini sauƙi an ba ni a kashi 25, ruwan kaɗai Naira 250,000 ne a wata, uwar kuɗi ba ta motsa ba. Saboda haka ku ne kaɗai ƙofar da ta rage mana, shi ya sa nake ƙwanƙwasa taku.

Shi ma bashin gyaran, ya yi shekara da shekaru iyakarsa tana miliyan ɗaya. Lokacin da aka yanka wannan adadi yana iya rufe gida. Amma bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin Naira da ya biyo baya, kayan gini sun yi tashin gwauron zabo, har buhun siminti ya haura Naira 10,000 a watan Fabrairun 2024. A wannan farashi miliyan ɗaya ba ta wuce buhu 100 ba, ba yashi, ba kwano ko falle ɗaya, ba katako, ba ladan lebura.

Kun san abin da mutane ke yi da ƙofar ta ƙi buɗuwa? Wani abokin aikina ya haɗa adashi da bashin ƙungiyar ma'aikata ta ofis, matarsa ta sayar da 'yan kunnenta da awarwaro, ya sayi irin wannan gida. Ko sisi bai rage masa na gyara ba. Ya lallaɓa ɗaki ɗaya ya tare da iyalinsa, sauran ya bar su a buɗe. Yau shekara biyar ke nan yana gyara da ɗai-ɗai: wannan watan bandir ɗin kwano ɗaya, wancan watan buhu uku. Duk damina sai ruwa ya cinye rabin abin da ya yi da rani, domin bangon da ba rufi a kansa ba ya jiran albashi. Da ya gaji ya ci bashin wata uku a wajen masu ba da rance da ruwa mai yawa don ya rufe ɗakin yara, sai ya zama an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da a ce ya sami kuɗin gyaran a dunƙule tun farko, da wata huɗu sun ishe shi, kuma da abin da ya kashe bai kai haka ba.

Abin da nake roƙo ba sabon abu ba ne a duniya. A Amurka, hukumar gidaje ta tarayya tana tsaya wa wani bashi da suke kira 203k, wanda aka yi wa fasalin da yake da shi yanzu tun 1978. Bashi ɗaya ne, ya haɗa kuɗin saye da na gyara. Mai kimantawa yana duba gidan tare da takardar aikin da za a yi, ya rubuta darajar da zai kai bayan an gama, a kan wannan ake auna bashin. Ranar ciniki a biya mai gida kuɗinsa. Kuɗin gyara kuwa ba a damƙa wa mai saye, ana kulle su ne a wani asusu na daban, ana sakin su kashi-kashi, duk matakin da aka kammala sai mai duba aiki ya je ya gani ya sa hannu. Ana ware wani abu, har zuwa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin aikin, saboda ɓarnar da ba ta bayyana sai an fasa bango. In gidan ba ya zaunuwa lokacin aiki, ana iya cusa biyan wasu watanni a cikin bashin, don kada mutum ya haɗa haya da biyan bashi a lokaci guda. Mai saye kuma kashi 3.5 kawai yake fara ajiyewa. Ban ce a kwafo shi yadda yake ba. Kasuwarsu daban, kotunansu daban, kuɗinsu ba ya narkewa kamar namu. Amma tushen dabarar zai zauna a ƙasarmu daram. Dokar da ta kafa asusunku ta riga ta ambaci gini da saye da gyara. Abin da ya rage a ɗaure biyu daga ciki da igiya ɗaya.

Na san abin da zai fara zuwa ranku, kuma kuna da gaskiya: kuɗin gyara yana da saurin sauya hanya. Mun san halinmu. Miliyan biyar ta shigo asusun mutum, ga bikin ƙanwa, ga jinyar mahaifiya, ga wanda ya zo da labarin wata kasuwa mai riba, kafin a ankara rufi ya koma shekara mai zuwa. To kada ku ba mu a hannu. Ni ban nemi in ga ko Naira ɗaya ba. Ku biya mai sayar da kwano da mai siminti kai tsaye, ku biya magini bayan an duba aikinsa. Sai dai a nan dole a saɓa wa tsarin Amurka a abu guda: kashin farko ya zama mai kauri, a sayi kwano da katako da siminti a ajiye tun ranar farko, domin lissafin da aka yi a watan Janairu ba ya kaiwa Afrilu a kasuwarmu. Kuma a fara da rufi kafin komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon tsohon gida kuwa daga sama yake fara mutuwa.

Masu duba aikin ma ba sai an ɗauko su daga Abuja ba. A nan Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye masu zanen gini da masana gini da masu ƙididdigar kayan aiki duk shekara, ga kwalejojin fasaha a Zariya da Kaduna, da yawansu suna zaune ba aiki. A yi musu rajista, a biya su kuɗin duba kowane mataki daga cikin bashin, wanda ya sa hannu a kan ƙarya a soke shi. Ina kuma roƙo kada a ce sai babban ɗan kwangila mai ofis da takardun kamfani ne zai yi aikin. Gyaran miliyan biyar ba zai ɗauki ribar ɗan kwangila ba. Birkilan unguwa da kafintan unguwa su ne suka san waɗannan gidaje, kuma suna jin kunyar su yi aikin banza a inda za su riƙa wucewa kullum.

Wani abu da ke ci mini rai shi ne yadda ake kallon ginin ƙasa kamar ba gini ba. Mai kimantawa da ya ji an ce tubali sai ya ja layi. Alhali a cikin birnin nan Masallacin Juma'a da shahararren magini Babban Gwani ya gina da ƙasa a ƙarni na 19, bakan gizonsa mai riƙe da rufi na nan tsaye, masana gini daga ƙasashen waje suna zuwa kallo. Bangon ƙasa mai kauri, in yana da harsashi mai kyau da rufin da ke kare shi daga ruwa, zai yi shekara ɗari, ga sanyi lokacin bazara ba tare da fanka ba. A bar masani ya duba kowane gida ya faɗi gaskiyarsa, wanda ya mutu a ce ya mutu, wanda ke da sauran rai a ba shi dama.

Sai maganar takarda, wadda na san ba a hannunku kaɗai take ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da gida sai da amincewarsa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: a tsofaffin unguwanninmu, gida nawa ne ke da shaidar mallaka ta gwamna? Abin da ke hannun mutane takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu, sai takardar rabon gado daga kotun shari'a. Waɗannan ba takardun banza ba ne, da su ake saye da sayarwa tun kakanni, kuma unguwa duka ta san gidan wane ne. Ku karɓe su a matakin farko, ku ba mai nema wasiƙar amincewa mai wa'adi, a sa kuɗin yin shaidar mallaka a cikin bashin, sannan ku zauna da hukumomin filaye na jihohi, irin su KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano, a buɗe wa irin waɗannan takardu layi na musamman. Jiha ma riba za ta ci, don gidan da bai taɓa shiga rajista ba ya shiga. Wasiƙar nan kuwa ita ce abin da zan nuna wa magada. Mutum tara da ke jiran rabonsu ba za su yi haƙurin shekara ba a kan "ana kan duba fayil", amma za su iya jiran wata uku in sun ga takarda mai hatimi da rana.

Ba zan ɓoye muku ba, ko kashi 6 ɗin nan sai da na yi ta kai-kawo a kansa, na tambayi malamai, na kwana ina tunani. Da yawa daga abokan aikina ana cire musu kuɗin asusu duk wata amma ba za su taɓa neman bashin ba, domin ruwa ruwa ne a wurinsu, komai ƙanƙantarsa. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, an ga cewa harkar banki ba tare da ruwa ba tana tafiya a ƙasar nan. Saye da gyara kuma ya dace da ita ƙwarai. Banki da mai nema su sayi gidan tare, kowa da kasonsa, aikin gyara a ƙulla shi a matsayin kwangilar istisna'i, wato yarjejeniyar ba da aiki a tsarin Musulunci, mai farashi da wa'adi, mai nema ya riƙa biyan hayar kason banki yana kuma sayensa kaɗan-kaɗan har gidan ya zama nasa. Duk tsarin da za ku fitar, don Allah ya zo da wannan ƙofar tun ranar farko, kada a ce sai daga baya.

Na ga an aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana ta Abuja a watan Fabrairun 2024, kuma ina yi wa waɗanda za su samu murna. Sai dai kowane sabon rukuni yana bukatar fili da titi da magudana da wuta kafin mutum ɗaya ya kwana a ciki. Mu kuwa a Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato, kusan kowane layi akwai gidan gado a kulle da kwaɗo, yana jiran damina ta kayar da shi. Ku tuna da Maiduguri ma, inda madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024 ruwa ya shiga dubban gidaje. Gidan da mai shi ya kasa tayarwa, in akwai irin wannan bashi, wani zai saya ya tayar.

Gidan Tudun Wada bai jira ni ba. Bayan mako bakwai wani ɗan kasuwa ya zo da kuɗi a hannu, magada suka sallama, kuma ban ga laifinsu ba. Ya rushe shi, ya cike rijiyar, ya sare mangwaron, yanzu shaguna shida ne a wurin. Ranar da na wuce na ga tifa tana kwashe dutsen harsashin da birkila ya yaba, sai da na tsaya a gefen hanya na ɗan jima kafin in iya tada babur.

Yanzu akwai wani a layi na uku, shi ma na gado, shi ma rufinsa ya tafi. Na sake kai birkila da kafinta, mun yi lissafi, takardar tana cikin jakata. Birkila ya ce in aka rufe shi kafin ruwan Yuli zai rayu, in an bar shi ya sha wata damina bangon gabas ba zai kai kaka ba. Ni kuma duk shekarar da ta wuce, shekarun biyana raguwa suke, abin da za a cire a wata yana ƙaruwa. Ina roƙonku ku gwada tsarin nan ko da a kan gidaje ɗari ne a jiha ɗaya, ku ga yadda za a biya. In kuna bukatar wanda za a fara da shi, ko wanda zai zagaya da jami'anku su ga gidajen da idonsu, a shirye nake, kuma birkilan ya ce zai zo da gudumarsa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Ma'aikaci mai zubi a Asusun Gidaje na Ƙasa,
Tudun Wada, Zariya.